Yadda Za A Rage Kuɗin Gyaran Mota: Bayani Ga Hakimai Da Malamansu

MAƘASUDIN WANNAN BAYANI

An shirya wannan bayani domin Hakimai da malamansu saboda dalili biyu. Na farko, Hakimi ba ya rabuwa da hanya. Yau rangadi, gobe kiran Sarki, jibi taron Ƙaramar Hukuma, ga kuma marar lafiya ko mai naƙuda da a kan kawo ƙofar gidansa da tsakar dare, don an san motarsa ce mafi kusa. Na biyu, rigimar mai mota da makaniki tana cikin ƙararrakin da su kan iso zauren Hakimi kafin su kai gaban alƙali, ba kuwa zai iya sulhunta su ba sai ya san yadda sana'ar ta ke.

A zamanin En'e, manyan hukumomi irin ta Kano suna da ma'aikatar ayyuka tasu, da wurin gyaran motocin hukuma. Tun da aka kafa tsarin Ƙananan Hukumomi a 1976 wannan ya wuce. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, aka yi shekaru ƙirar 504 ita ce motar ma'aikata da sarakuna. Kayanta iri ɗaya ne ko'ina, kowane makaniki kuwa ya san ta kamar yunwar cikinsa. Daga 1986, da darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari yawancin mutane, aka koma ga motocin gwanjo iri-iri na Turai da Amurka, waɗanda a ke shigowa da su ta Kwatano da Ikko. A 2023 aka janye tallafin man fetur, aka kuma saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Da ya ke yawancin kayan gyara daga ƙasashen waje a ke sayo su, sai kuɗinsu ya hau ƙwarai.

Saboda haka masu motoci da yawa suka kama dabara biyu. Ɗaya ita ce mutum ya sayo kayan gyara da kansa. Ɗayar kuwa ya kira makaniki ya zo ya yi aikin a gida, ko a inda motar ta tsaya. Duka biyu suna rage kuɗi in an bi su da sani. Amma wanda ya sayo kaya da kansa ya sani cewa, sa'ad da ya karɓe riba daga hannun mai gareji, ya karɓi nauyin kuskure tare da ita. Yadda za a ci ribar a tsira daga kuskuren, shi ne abin da za a bayyana a nan.

INDA KUƊIN GYARA KE TAFIYA

Kuɗin da mai gareji ke faɗi a dunƙule ya kasu kashi huɗu: kuɗin kayan a kasuwa, da abin da ya ɗora a kansu, da ladan aiki, da kuɗin riƙon gareji, watau haya da wuta da abincin yaran aiki. In motar ba ta iya tafiya, akwai na biyar, kuɗin janta zuwa garejin. Wanda ya sayo kaya da kansa ya kawar da kashi na biyu. Wanda ya kira makaniki gida ya rage na huɗu, ya kawar da na biyar.

Kada a ɗauka duk abin da mai gareji ya ɗora a kan kaya zalunci ne. Shi ke aiken yaro kasuwa, shi ya san mai kaya na gaskiya, in kayan bai yi ba kuma shi ke mayarwa ya sake aikin. Zalunci yana shigowa ne sa'ad da aka karɓi kuɗin kaya na ainihi aka sa jabu, ko aka wanke tsohon aka mayar aka ce sabo ne, ko kuwa makaniki ya haɗa baki da mai kanti a kan la'adar da mai mota bai sani ba.

Ga misali don a gane lissafin, lambobin ba farashin kasuwa ba ne. A ƙaddara famfon ruwan mota ya mutu, mai gareji ya ce naira 60,000 kaya da aiki. Mai mota ya tafi kasuwa ya sayo famfon 38,000, ya kashe 2,000 a hanya, ya biya makaniki 10,000. Jimla 50,000, ya rage 10,000. To, a ce famfon da ya sayo ba na injinsa ba ne, ba a gane ba sai da aka ɗaura shi, mai kanti kuwa ya ƙi karɓa don an riga an ɗaura. Sai ya sake biyan 38,000 da 2,000 da 10,000. Jimla ta zama 100,000, watau ya yi hasarar 40,000 a kan abin da aka fara faɗa masa. Kuskure ɗaya ya cinye ribar gyara huɗu.

A SAN CUTA KAFIN A SAYI MAGANI

Mafi yawan kuɗin da ke salwanta a gyaran mota wajen sayen abin da ba shi ne ya lalace ba su ke tafiya. Mota ta ƙi tashi da safe, nan da nan sai a ce batir ne. Mai yiwuwa ne batir ɗin lafiya lau ya ke, na'urar da ke cajinsa ce ta mutu, ko kan batir ya yi tsatsa, ko kik ne ya gaji. Gwajin ba shi da wuya. Batir mai cikakken caji, in an sa masa ma'aunin wuta injin na kashe, zai nuna wajen 12.6. In an tayar da injin kuwa ya kamata ya hau zuwa tsakanin 13.5 da 14.5. In bai hau ba, laifin yana wajen caji, sabon batir ma kwana kaɗan zai yi ya kwanta.

Haka kuma zafin injin. Yana iya zuwa daga yoyon lagireto, ko tiyo da ya tsage, ko murfin lagireto da ya saki, ko fanka da ba ta juyawa, ko famfon ruwa, ko gasket ɗin kan injin. Tsakanin mafi araha da mafi tsada a cikinsu akwai rata mai yawa, saboda haka daga mai araha a ke fara bincike. Waɗansu makanikai su kan cire ɗan bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwa, wanda su ke kira tamostat, su ce ƙasarmu ta zafi ba ta bukatarsa. Kada a yarda. Injin da aka cire wa shi ya kan daɗe bai kai zafin da ya ke aiki da shi ba, ya ƙara shan mai, ainihin cutar kuma tana nan a ɓoye.

Motocin da aka ƙera domin Amurka tun daga 1996, da na Turai masu shan fetur tun daga 2001, suna da wata kafa, galibi a ƙarƙashin sitiyari, inda a ke jona na'urar bincike ta karanta abin da kwamfutar motar ta rubuta. Wannan na'ura ƙarama ce, makaniki yana iya sa ta cikin jakarsa. Amma abin lura, lambar da ta ke bayarwa tana nuna wajen da za a duba ne kawai. Sau da yawa waya ce ta tsinke ko ta yi datti, alhali abin da lambar ta ambata lafiyayye ne.

Saboda haka a raba bincike da gyara. A biya makaniki ladan bincikensa dabam, ya faɗi abin da ya gani, ya nuna shi da hannu. Makanikin da ya san ba zai sami kome ba sai an canja wani abu, lalle zai sami abin canjawa. In aikin babba ne, kamar sauke injin ko giya, a nemi makaniki na biyu ya duba, kada kuwa a gaya masa abin da na farko ya ce.

SAYEN KAYAN GYARA

Manyan kasuwannin kayan mota sanannu ne: Ƙofar Ruwa a Kano, Fanteka a Kaduna, Apo a Abuja, Ladipo a Ikko, da Nnewi a Jihar Anambra. Kayan da ke cikinsu iri huɗu ne. Akwai na ainihi, mai ɗauke da sunan kamfanin motar. Akwai na waɗansu kamfanoni sanannu masu ƙera kayan mota, waɗanda sau da yawa su ne ke yi wa kamfanin motar kansa, kuɗinsu kuwa bai kai na farko ba. A nan ne mafi yawan rangwame na gaskiya ya ke. Akwai na gwanjo, wanda aka kwance daga wata mota. Sa'an nan akwai jabu, mai kwalin na ainihi da cikin banza. Ga ƙa'idodin da ya kamata a bi.

1. A tafi da lambar shasi. Sunan mota da shekararta ba su isa ba. Toyota Camry ta shekara ɗaya tana iya zama mai silinda huɗu ko mai shida, kuma wadda aka yi domin Amurka ta kan bambanta da wadda aka yi domin Turai. Lambar shasi tana da baƙaƙe da alƙaluma 17. Ana samunta a gindin gilashin gaba, da jikin ƙofar direba, da takardun mota. Malami ya kwafe ta da kyau, ya sake dubawa.

2. A tafi da tsohon kayan in ana iya kwance shi. A jera shi da sabon a gaban mai kanti, a gwada tsawo, da ramukan kusa, da bakin waya, da lambar da aka buga a jikinsa. In kasuwar tana da nisa, a ɗauki hotonsa da waya ta kowane gefe, lambar ta fito sosai.

3. A tambayi kanti uku. In ɗaya ya faɗi kuɗin da bai kai rabin na sauran ba, ya kuma rantse na ainihi ne, a bar masa kayansa. Araha ba ta ado. A duba kwali: rubutu mai dishi-dishi, ko kuskuren baƙaƙe, ko lambar kwali da ta saɓa da ta jikin kaya, duk alamun jabu ne. Amma masu jabu sun ƙware, saboda haka mai kantin da aka daɗe ana ciniki da shi, wanda aka san rumfarsa, ya fi kowace alama.

4. A san abin da ya halatta a saya na gwanjo. Ƙofa, da fitila, da gilashi, da kujera, da kik, da na'urar caji, na gwanjo mai kyau ya kan fi sabo marar asali. Injin da giya ma ana sayensu na gwanjo, amma da sharaɗin kwanakin gwaji a rubuce. Abubuwan da ke cinyewa da aiki kuwa ba a sayensu sai sabbi: takalmin birki, da tiyon birki, da bel, da boris, da matatar mai, da matatar iska, da gaɓoɓin da ke haɗa ƙafa da sitiyari. Takalmin birki kuma bibbiyu a ke canja shi, hagu da dama tare, in ba haka ba motar za ta riƙa fizga gefe ɗaya in an taka.

5. A karanta ranar haihuwar taya. A gefen kowace taya da aka yi tun daga 2000 akwai alƙaluma huɗu a ƙarshen wata doguwar lamba. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Misali, 2319 yana nufin mako na 23 na shekarar 2019. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, zafin kwalta kuwa a watan Afrilu ba ya jin tausayin tsohuwar taya, ko da zanenta bai cinye ba.

6. A sayi mai irin wanda kamfanin motar ya faɗa. Kaurin man injin yana rubuce a galan, kamar 5W-30 ko 20W-50, wanda ya dace da motar kuma yana cikin littafinta, wani lokaci a kan murfin zuba mai. Man birki yana da daraja, kamar DOT 3 da DOT 4, ba a kuwa gauraya su da DOT 5. Giyar da ke canja kanta tana da nata mai dabam. Man da a ke aunawa daga buɗaɗɗen duro a bakin hanya, ba wanda ya san abin da ke cikinsa.

7. A karɓi rasit. A rubuta sunan kaya, da lambarsa, da kuɗinsa, da kwanan wata, da ko sabo ne ko na gwanjo, da sharaɗin mayarwa. A yi wannan magana kafin a miƙa kuɗi. Kayan wuta musamman, yawancin masu kanti ba su karɓarsu in an ɗaura, saboda haka a gwada su a gabansu.

8. Kada a sayi kaya daga hannun wanda ba shi da rumfa, ya zo da shi cikin buhu yana neman a rufa masa asiri. Karɓar kayan sata laifi ne a doka, abin kunya ne kuma ƙwarai a same shi a motar shugaban jama'a.

MAKANIKIN DA KE ZUWA GIDA

Tun da wayar salula ta shigo ƙasar nan a 2001, kiran makaniki ya yi sauƙi. Da yawansu suna da babur da akwatin sifanu, su kan kai ƙauyen da a dā sai an jawo mota mil da yawa kafin a sami mai duba ta. Amfaninsa a fili ya ke. Ba kuɗin jan mota, aiki yana gaban idon mai shi ko direbansa, motar kuma ba ta kwana a inda za a zuƙe mata mai, ko a musanya mata batir, ko a fasa mata salansa a kwashe abin nan mai kama da saƙar zuma, wanda ɓarayi ke nema saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinsa.

Amma wanda ya zo a kan babur yana iya tafiya a kan babur. Saboda haka kafin a ba shi aiki a san mazauninsa, da ubangidan da ya yaye shi, da mutum biyu ko uku da ya yi wa aiki. In yana cikin ƙungiyar makanikai ta garinsu, a san shugabanta. A tambaye shi irin motocin da ya saba da su, gama wanda ya ƙware a tsohuwar mota mai kafireta ba lalle ne ya iya mai kwamfuta ba. A fara gwada shi da ƙaramin aiki, kamar juye, a ga tsabtar hannunsa da yadda ya ke ɗaure kusa.

A yi jinga kafin ya taɓa motar. A faɗi aikin, da ladansa, da kuɗin zuwansa, da abin da za a yi in ya buɗe ya tarar da wata cuta: sai ya tsaya ya faɗa, kada ya ci gaba bisa ra'ayin kansa. Shari'a ma ba ta yarda da ijarar da ba a san aikinta da ladanta ba. In ya nemi kafin alƙalami a ba shi kaɗan, sauran sai an gwada motar a hanya tare da shi. In ya gama da gaskiya kuwa a sallame shi nan take, ba tare da ja-in-ja ba. Wanda ya hana makaniki ribar kaya, sa'an nan ya danne masa ladan aiki, shi ya koya masa ha'inci, ba kuwa zai same shi ba ranar da motar ta tsaya a daji.

Duk kayan da aka cire a bar wa mai mota. A sa wa sabon kaya wata 'yar alama da fenti kafin a miƙa shi, kwalinsa kuma a buɗe shi a gaban mutane. Wannan ba zargi ba ne, yana kāre mai gaskiya ne daga zato.

AIKIN DA YA DACE A GIDA DA WANDA BAI DACE BA

Ayyukan da su ke yiwuwa a gida su ne juye, da canjin matatar mai da ta iska, da fulogi, da batir, da bel ɗin fanka, da tiyon ruwa, da fitilu, da kik, da na'urar caji, da takalmin birki in makanikin ya ƙware. Matatar iska tana bukatar dubawa akai-akai lokacin hunturu, musamman ga motar da ke bin hanyar burji, domin ƙura ta kan toshe ta da wuri.

Ayyukan da ba su dace a gida ba su ne buɗe cikin injin, da buɗe giya, da saitin ƙafafu, da gyaran jakar iska mai tsare direba in an yi karo, da mayar da mota mai amfani da iskar gas, da duk abin da ya shafi wayoyi masu ruwan lemo na motar da ke haɗa fetur da lantarki, domin wutar da ke cikinsu tana kisa. Waɗannan suna bukatar ɗaki mai tsabta, da kayan awo, da wanda aka koya wa aikin. Injin da aka buɗe a fili iska na kaɗa rairayi, an haɗa shi ne da abin da zai ci shi. Bel ɗin cikin injin, mai daidaita motsin bawul da fistin, shi ma sai gwani. Littafin mota yana faɗin iyakar tafiyarsa, galibi kusa da kilomita 100,000, a kuwa canja shi kafin ya tsinke, gama a injuna da yawa in ya tsinke fistin ya kan doke bawul, gyaran ƙaramin kuɗi ya zama na sauke injin.

Tun da a gidan Hakimi za a yi aikin, tsaron rai yana wuyansa. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai. A tokare ta da matokarin ƙarfe ko kututture mai ƙarfi, a ƙasa mai tauri wadda ba ta da gangare, a sa wa tayoyi dutse. Kada a buɗe murfin lagireto injin na da zafi. In ana taɓa tankin mai, a nisanta taba da wutar girki. Kada a bar injin yana aiki cikin rufaffen ɗaki, hayaƙinsa yana kashe mutum ba tare da ya ji wari ba. A kori yara daga wurin. Baƙin man da aka juye kuma a tara shi cikin galan, kada a zubar kusa da rijiya ko gona. Bayan kowane aikin birki, a taka shi sau da yawa har ya yi tauri, a gwada motar a hankali a fili kafin a ɗauki kowa.

WA KE DA HASARA IN AIKI YA ƁACI

Wannan shi ne abin da ya fi kawo mutane gaban Hakimi. In mai gareji ne ya kawo kaya ya kuma yi aiki, mutum ɗaya a ke tuhuma. In mai mota ne ya sayo kaya, mutum uku ke cikin magana, kowa yana nuna ɗan'uwansa. Makaniki ya ce kayan ne ba su da kyau, mai kanti ya ce hannun makaniki ne, mai mota kuwa yana tsakani da mataccen injin.

Malaman mazhabar Malikiyya sun ɗora wa mai sana'a lamunin abin da aka ba shi ya tafi da shi inda mai abu ba ya gani, wannan kuwa yana cikin Risala ta Ibn Abi Zaid. In abin ya ɓace ko ya lalace a hannunsa shi zai biya, sai fa in shaidu sun tabbatar da cewa ba da sakacinsa ba ne. Amma malaman sun ce in a gidan mai abu ya yi aikin, ko a gabansa, wannan lamuni ya faɗi, ba a ɗora masa biya sai an tabbatar ya yi sakaci ko ya ƙetare abin da aka umurce shi. Ashe ke nan wanda ya kira makaniki gida ya sami gani da ido, amma ya sauke wa makanikin wani kaso na nauyin da ke kansa da a garejinsa ya yi aikin. Game da mai kanti kuwa, in an tarar da aibi ɓoyayye wanda ya riga ciniki, mai saye yana da zaɓin mayarwa. Amma kayan da ke lafiya lau, mai saye ne ya yi kuskuren lamba, wannan ba aibi ba ne, sai abin da suka sharɗanta.

Saboda haka in irin wannan ƙara ta zo, ga tambayoyin da za su buɗe ta. Wa ya ce wannan kaya ne ya lalace? Wa ya zaɓi sabon? Makaniki ya gan shi ya yarda kafin ya ɗaura, ko kuwa ya yi gargaɗi aka ƙi ji? A ina aka yi aikin, a gaban wa? Ina rasit, ina tsohon kayan? In an rasa yadda za a gane laifin kaya ne ko na hannu, a kira wani dattijon makaniki wanda ba ruwansa da kowane ɓangare ya duba. Aikin Hakimi sulhu ne. In sulhu ya ƙi, a tura su gaban alƙali.

Hanya mafi sauƙi ta guje wa wannan rigima ita ce makaniki ya rubuta ko ya faɗi sunan kayan da lambarsu, mai mota ya sayo, makaniki ya duba ya ce ya yarda a gaban shaida, sa'an nan ya ɗaura. In ya ce kayan ba su yi masa ba, a saurare shi.

AIKIN MALAMI

Ya kamata kowane malamin Hakimi ya buɗe wa motar ɗan littafi. A shafin farko ya rubuta lambar mota, da lambar shasi, da irin injinta, da girman tayarta, da irin man da ta ke sha. Sauran shafuka ya ja musu layi bakwai: kwanan wata, kilomitan da agogon mota ya nuna, aikin da aka yi, kayan da aka sa da inda aka sayo su, kuɗin kaya, ladan aiki, sunan makaniki. Rasit kuma a lanƙaya shi a bayan shafin.

Da wannan littafi a ke sanin lokacin juye ya yi, tun kafin injin ya yi kuka. Da shi a ke gane kantin da kayansa ke daɗewa da wanda nasa ba su kai wata uku. In an zo an ce a canja abin da aka canja watan jiya, littafin zai faɗa. Ranar da za a sayar da motar ma ya kan ƙara mata daraja. In kuwa lissafin shekara ya nuna kuɗin gyara ya kusa kai kuɗin motar, lokacin shawarar rabuwa da ita ya yi.

In motar ta hukuma ce, ba a sayen kome sai da izinin wanda kuɗin ke hannunsa, bisa ƙa'idar ofis, rasit kuma a miƙa shi inda ya kamata. Tsimin da aka yi ba bisa ƙa'ida ba ya kan koma tuhuma ranar binciken lissafi.

Ana roƙon Hakimai su sa a karanta wannan bayani ga Dagatai da masu unguwa, su kuma su isar da shi ga direbobi da masu motocin haya na ƙasarsu, musamman abin da aka faɗa game da birki da taya da sitiyari, inda ba a neman araha domin rayukan fasinja ke kai. Allah Ya kiyaye hanya, Ya sa albarka cikin abin da aka samu.